An Ɗinke Bakin Shaida: Magana Kan Dillalan Faifan Kiɗan Ƙarfe

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wani irin ciniki wanda in ba a faɗa wa mutum ba, ba zai taɓa zaton mai hankali yana yinsa ba. Mutum ne zai zaro kuɗi masu kauri ya sayi faifan CD guda ɗaya tak, ya kai gida, sa'an nan ya ƙi yage ledar da aka naɗe shi da ita tun daga masana'anta. Ba zai sa shi a na'ura ba, ba zai ji abin da ke ciki ba, ba kuwa zai bari wani ya ji ba. Sai ya jera shi a kanta, ya riƙa leƙa intanet safe da yamma yana duba ko farashi ya hau. Wannan mutum, da dillalan da suka koya masa wannan ɗabi'a, su nake so mu yi wa zama a wannan fitowa ta mujallarmu.

Na san wani zai ce, "Malam, ina ruwan ƙungiyar Hausa da kiɗan Turawa, kiɗan ma na masu gashi buzu-buzu da ihu kamar ana yanka su?" To, a yi mini haƙuri. Ban zo tallan kiɗan ba, akwai ma abubuwa cikinsa da ba zan so ƙanena ya kwaikwaya ba. Amma mu ɗaliban adabi ne. Duk wanda malami ya taɓa ajiye wa kwafi biyu na waƙa guda ta ajami, ya ga wannan mai kwafa ya tsallake baiti, wancan ya musanya kalma da wadda ta fi yi masa daɗi, ya san abin da ake nufi da kwafin asali, ya kuma san ranar da ake nemansa ido rufe. Maganar faifan nan ita ce maganar, sai dai an sauya mata riga.

Kiɗan da Turawa ke kira heavy metal, wanda zan riƙa kira kiɗan ƙarfe don sauƙi, yawanci ana kai asalinsa birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antu da hayaƙi. A can ne wasu samari huɗu 'ya'yan talakawa suka kafa ƙungiyar Black Sabbath, suka fitar da faifansu na farko ranar 13 ga Fabrairu, 1970. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, inji ya datse masa kawunan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, sai ya ƙera wa kansa hulunan roba ya ci gaba da kiɗa, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin jitar, sautin ya ƙara kauri da nauyi. A ajiye wannan a zuciya, domin za mu komo kansa: kiɗan nan daga hannun leburori ya fito. Shi kuwa faifan CD, kamfanonin Sony da Philips ne suka haɗa kai suka fito da shi a 1982. Ya yi tashe har a shekarar 2000 aka fitar da fiye da miliyan 900 a Amurka kaɗai, sa'an nan intanet ta karya kasuwarsa. Da kasuwar sabo ta faɗi, sai ta tsoho ta tashi, musamman faifan da ƙananan kamfanoni suka buga 'yan ɗaruruwa ko dubu ɗaya, kamfanin ya mutu, ba a sake bugawa ba.

Kafin in taɓa dillalai, bari in faɗi gaskiyar masu tara faifai, domin suna da ita, kuma masu yi musu dariya ba su san ta ba. Masu dariyar cewa suke yi, tun da kowace waƙa tana cikin waya, me za a yi da tarkacen roba? Ga amsa.

A 1980 da 1981 Ozzy Osbourne, mawaƙin Black Sabbath na farko, bayan rabuwarsa da ƙungiyar, ya fitar da faifai biyu, Blizzard of Ozz da Diary of a Madman. Mutum huɗu ne ginshiƙan aikin: shi da murya, Randy Rhoads da jita, Bob Daisley da jitar bes mai kaurin amo, Lee Kerslake da ganguna. Tun a faifai na biyu aka fara rashin gaskiya, domin an sallami Daisley da Kerslake kafin ya fito, aka buga hoto da sunayen waɗanda suka maye gurbinsu, alhali kuwa ba su ne suka yi kiɗan da ke ciki ba. Mutanen biyu suka shiga kotu suna neman sunansu da haƙƙinsu, rigima ta yi ta ja shekara da shekaru. Sai a 2002 aka sake buga faifan biyu, aka kankare kiɗan Daisley da na Kerslake ƙarƙaf, aka sa wasu makaɗa biyu, Robert Trujillo da Mike Bordin, suka sake kaɗawa, aka liƙa a gurbin. Jama'a, a duba wannan al'amari da kyau. Randy Rhoads ya mutu a haɗarin jirgin sama tun 1982. Watau an ɗauki kiɗan mamaci, an raba shi da abokan da ya zauna da su a ɗakin ɗauka, an haɗa shi da waɗanda bai taɓa yin wannan aiki da su ba, aka sayar wa jama'a da sunan tsohon faifai. Kamar a ce a ɗauki waƙar Alhaji Mamman Shata, a cire masu kalangunsa don an yi faɗa da su kan kuɗi, a sa wasu, a ce ga Shata nan yadda kuka san shi. Sai a 2011 aka mai da kiɗan asali. Shekara tara ke nan. A cikin waɗannan shekaru, yaron da ya shiga kanti ya sayi sabon bugu, gyararren tarihi ya saya. Wa ke riƙe da gaskiyar a lokacin? Mutumin nan da ake yi wa dariya, mai tsohon faifai a kanta.

Ba wannan kaɗai ba ne. A 2004 Dave Mustaine na ƙungiyar Megadeth ya sake haɗa tsofaffin faifansu, a cikin Rust in Peace na 1990 har akwai waƙoƙin da muryar da ke cikin sabon bugu ba ita ce ta asali ba. A 1992 ƙungiyar Body Count ta Ice-T ta fitar da faifai mai ɗauke da waƙar "Cop Killer", 'yan sanda da 'yan siyasar Amurka suka yi ca, cikin 'yan watanni aka janye waƙar, bugun da suka biyo baya ba su da ita. Ko mutum ya ƙi jinin waƙar, in yana son ya yi nazarin rigimar, dole ya ji abin da aka yi rigimar a kansa.

Daɗin daɗawa, akwai cutar da ta kama kamfanoni tun daga shekarun 1990, ta gasar ƙara. Kowa so yake faifansa ya fi na wani amo a rediyo da mota, sai injiniyoyi suka riƙa matse sauti, suna ɗaga na ƙasa suna danne na sama, har ya zama babu bambanci tsakanin raɗa da tsawa. Abin ya kai maƙura a faifan Metallica mai suna Death Magnetic na 2008, inda masoyan ƙungiyar da kansu suka gano cewa waƙoƙin sun fi daɗin ji a cikin wasan kwamfuta na Guitar Hero fiye da a faifan da suka saya. Irin wannan matsa ake yi wa tsofaffin faifai da yawa in an zo sake bugawa, a rubuta a jiki wai an inganta. Don haka wanda ke neman bugun 1986 ya ƙi na 2005, sau da yawa ba tsohon yayi ke damunsa ba, kunne gare shi.

Kada kuma wani ya ce ai kamfanoni na da uwar tef a ajiye. Ranar 1 ga Yuni, 2008, gobara ta cinye wani rumbun ajiya a harabar Universal da ke Hollywood. Shekara 11 aka yi kafin jama'a su ji girman ɓarnar, sai da mujallar jaridar New York Times ta tono zancen a 2019, ta ce takardun cikin gida na kamfanin sun ƙiyasta waƙoƙi wajen 500,000 ne abin ya shafa. Kamfanin ya ce an zuzuta, amma bai ce ba a yi gobara ba. Waƙar da ke cikin waya kuwa, ta Spotify da ire-irensa, haya ce ake biya wata-wata, kuma bugun da mai haƙƙi ya ga dama shi zai ɗora, ran da ya ga dama ya sauke ko ya musanya, ba sallama. Kayan aro ba ya rufe katara.

To, ashe tsohon faifai shaida ne. Shi ne wanda ya halarci wurin, ana iya kiransa ya faɗi abin da aka kaɗa da wanda ya kaɗa. A nan darajarsa take, ni ban ga wata ba. Yanzu sai mu duba yadda kasuwa ke yi masa kuɗi, mu ga ko wannan darajar take aunawa.

Akwai ilmi na gaske a wajen masu wannan sana'a, ba zan hana su ba. In ka juya faifai ka dubi zoben da ke kewaye da ramin tsakiya, za ka ga wasu ƙananan lambobi da haruffa, su ke nuna masana'antar da ta buga shi da kuma wane bugu ne. Daga 1994 aka fara sa wata lamba mai farawa da IFPI, saboda haka in wani ya miƙo maka faifai ya ce bugun farko ne na 1987, ka ga wannan lamba a jiki, ka san ko dai bai sani ba ko kuwa yana so ya yanke ka. Jabu sun cika kasuwar, kuma da irin wannan duba ake kama su. Wannan aikin tantancewa ne, daidai da na malamin da ke duba takarda da tawada da salon rubutu kafin ya yarda da shekarun wani kwafi. Shafin Discogs, wanda Kevin Lewandowski ya kafa a 2000, ya tara irin wannan bayani na miliyoyin bugu, mafi yawansa kuwa masu sha'awa ne suka shigar da shi kyauta, ba wanda ya biya su.

Amma shafin nan kasuwa ne kuma, a gefen kowane faifai ana nuna mafi ƙarancin kuɗin da aka taɓa sayar da shi, da matsakaici, da mafi tsada. Daga nan ido ya bar lambar zobe ya koma kan lambar dala. Dubi abubuwan da ke ɗaga farashi. Faifan Japan yakan zo da wani siririn tsirin takarda a gefe, wanda suke kira obi, watau ɗamara, ba komai a jikinsa sai suna da farashi da talla cikin Japananci. Da can mutane yagewa suke su zubar. Yau faifai mai ɗamara ya fi marar ɗamara tsada nesa ba kusa ba, alhali kiɗan ciki ɗaya ne, ko ɗigo bai bambanta ba. A Amurka har zuwa 1993 ana sayar da CD cikin wani dogon kwali da aka yi don ya dace da akwatunan kantuna na faifan garmaho, ya kuma wahalar da ɓarayi. Shara ce aka ƙera don a jefar, yau ita ake rububi. Kuskuren maɗaba'a ma kuɗi ne: a Faransa an taɓa buga bangon Ride the Lightning na Metallica kore maimakon shuɗi, yau wannan kuskuren ake nema. A bisa dukkan waɗannan kuwa akwai sarki, shi ne faifan da ba a taɓa buɗewa ba.

A nan nake so a tsaya. Faifan da ke cikin leda shi ne mafi tsada, kuma shi ne kaɗai wanda ba ya amfanar kowa da komai. Ran da aka buɗe shi aka ji, ran nan farashinsa ya faɗi. Watau kasuwar tana biyan mutum lada don ya ƙi sauraro, tana cin tararsa in ya saurara. Wace irin daraja ce wannan da amfani ke kashe ta? Shaida ne aka kawo, aka ɗinke masa baki, aka zaunar da shi a falo ana nuna wa baƙi. In gobe aka sake kankare kiɗan wani Daisley, mai faifan leda ba zai iya cewa uffan ba, domin shi kansa bai san abin da ke cikin kayansa ba. Ba ma shi da tabbacin faifan da ke ciki shi ne wanda aka rubuta a waje, tun da injin naɗe leda ba wuyar samu gare shi ba.

Kamfanoni kuwa da suka ga haka, sai suka koyi ƙera ƙaranci da hannunsu. A buga faifai ɗaya da bango kala uku, a rubuta lamba da hannu a kowane, a ce 500 ne kacal a duniya. Tsohon faifan da ya yi wuyar samu, talauci ne ya sa: yaran ba su da kuɗin buga fiye da haka. Wannan na yanzu kuwa yunwa ce ake ƙirƙira a gari mai rumbu cike.

Mafi muni yana ƙasar Norwe. A farkon shekarun 1990 wasu samari a can suka rungumi wani reshe na kiɗan da ake kira black metal, suka ɗauki wasan tsoratarwa suka mai da shi gaske. A Afrilun 1991 mawaƙin ƙungiyar Mayhem, Per Ohlin, wanda ake wa laƙabi da Dead, ya kashe kansa yana ɗan shekara 22. Abokin kiɗansa Øystein Aarseth da ya tarar da gawar, sai ya nemo kyamara ya ɗauki hoto. A 1995 ɗaya daga cikin hotunan ya fito a bangon wani faifan bayan fage mai suna Dawn of the Black Hearts, wanda aka fara bugawa a Kolombiya, tun daga nan kuma ake ta kwafarsa a garmaho da CD. A Yunin 1992 aka ƙone cocin Fantoft da ke Bergen, ginin katako mai shekara fiye da 800. A 1993 Varg Vikernes, mai kiɗa da sunan Burzum, ya fitar da faifai mai suna Aske, ma'anarsa toka, da hoton kangon cocin a bango. A Agustan wannan shekara ya daɓa wa Aarseth wuƙa har lahira. A 1994 kotu ta ɗaure shi shekara 21 saboda kisan da ƙona wasu coci-coci, ko da yake ba ta same shi da laifin na Fantoft ba, ya fito a 2009.

Bugun farko na faifan wannan zamani suna cikin waɗanda aka fi nema a duk kasuwar kiɗan ƙarfe. In ka tambayi dillali dalili, zai ce tarihi ne. Na yarda tarihi ne, kuma ya kamata a ajiye shi inda mai bincike zai same shi. Amma a yi mana gaskiya. Faifan Mayhem ɗin nan ɗaukar wani wasa ne da aka yi a gaban jama'a, sautinsa kamar daga cikin rijiya, an kuma sami wasu ɗauka na ƙungiyar da wannan mawaƙi waɗanda suka fi shi fita. Me ya sa shi ne ya yi suna? Hoton ne. Gawar ɗan mutane ce, mai iyaye da 'yan'uwa a Suwidin, aka mai da ita tambarin kaya, kowane sabon ciniki kuma ƙarin talla ne gare ta. Kasuwar da ba ta iya bambanta ɗamarar takarda da kiɗa ba, ba abin mamaki ba ne in ta kasa bambanta kiɗa da jini. Ma'auninta ɗaya ne, me ya yi ƙaranci, me kuma ake surutu a kansa.

Za a ce da ni, kuɗinsa ne, ya yi abin da ya ga dama. Haka ne, ban kuwa ce a kama shi ba. Amma faifan da aka buga 500 a duniya, in dillalai 50 suka kulle goma-goma suna jiran farashi, sun raba kowa da shi, har da yaron da zai ji ya koyi kiɗa. Za a kuma ce, ai tsadar ce ke sa a adana, in ba don ita ba da tuni an zubar. Wannan hujja tana da ɗan ƙarfi, amma tarihin kiɗan ya ƙaryata rabinta. Tun kafin a san za a sami ko sisi, masoya ne suka riƙe shi. A farkon shekarun 1980 kaset suke kwafa, su sa a ambulan, su aika wa wanda ba su taɓa gani ba a wata ƙasa, shi ma ya aiko musu da nasa. Ta haka kaset ɗin gwaji na Metallica na 1982, No Life 'Til Leather, ya zaga duniya tun ba su da kamfani. Kiɗan ya rayu ne ta hanyar ba ni in ba ka. Waɗanda suka zo daga baya da makulli ba su ne suka cece shi ba, tarar da shi suka yi a raye.

Sa'an nan a tambaya, cikin wannan kuɗi nawa ke komawa ga wanda ya yi kiɗan? Ko anini. Faifai in an sayar da shi karo na biyu, ko na goma, makaɗi ba shi da kaso. Samarin da suka tara kuɗin aikin ƙarfi suka buga faifai dubu a 1989, suka kasa sayar da rabi, suka watse kowa ya koma neman abinci, yau suna iya ganin kwafi ɗaya ya yi kuɗin da ƙungiyar duka ba ta samu a wasa guda ba a zamaninta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kiɗan da leburan Birmingham mai guntayen yatsu ya buɗe wa hanya ya zama hannun jari a kantar wanda ko sunan mai ganga bai sani ba.

Abin da dillalan ba su cika son a tayar ba shi ne, faifan CD ba dutse ba ne. Roba ce, da wani siririn shafe na ƙarfe mai ƙyalli, da fenti a bisa don kariya. In fentin ya sami matsala, iska ta shiga, ƙarfen sai ya ci. A masana'antar PDO da ke Blackburn a Ingila, tsakanin 1988 da 1993, an yi amfani da fentin da bai iya jure sinadarin da ke fita daga takardar cikin kwalin ba. Faifan da abin ya shafa, ko na wane irin kiɗa ne, sukan fara rinewa daga baki, su koma launin tagulla, sauti ya fara ƙarce-ƙarce daga waƙoƙin ƙarshe, domin CD daga tsakiya yake karantawa zuwa waje, har ya daina yi ɗungum. Wanda ke sauraron faifansa shi ya fara lura, ya kwafe abin da ke ciki tun da sauran dama, ko ya nemi a musanya masa lokacin da masana'antar ke musanyawa. Wanda ya bar nasa a leda kuwa, ya kulle shi ne tare da takardar da ke cinsa, shekara talatin da ɗoriya, kuma ba shi da hanyar dubawa sai ya yage ledar.